Mai Shela da Mai Tambaya: Tarihin Hanyoyi Biyu na Tsare Jiragen Sama Daga Karo

Gabatarwa

Manomin da ke gonarsa a ƙasar Kiyawa ko ta Jahun yakan ɗaga kai da hantsi ya hangi wani farin zare ya ratsa sararin sama, ba ya jin ƙara, da ƙyar ma yake ganin jirgin da ke jan zaren. Wannan jirgi yana tafe ne fiye da ƙafa 30,000 daga ƙasa, yana gudun kilomita kamar 850 a awa guda, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne a wurin. Akwai jiragen da suka taso daga Turai za su kudu, akwai masu komawa, akwai na gida, in lokacin aikin hajji ya zo kuma ga na alhazai sun nufi gabas suna gitta hanyar waɗancan. Tun daga watan Oktoba na 2014 da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse, wanda gwamnatin Sule Lamido ta gina, wanda kuma aka sa wa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi a 2023, mutanen Jigawa sun tashi daga masu kallon wannan zirga-zirga sun zama masu shiga cikinta daga ƙofar gidansu.

In jirage biyu irin waɗannan suka fuskanci juna, kowane sakan biyu suna cinye kusan kilomita ɗaya na tazarar da ke tsakaninsu. Wanda ya san hazon hunturu a ƙasar Hausa, lokacin da mutum ba ya hangen abin da ke kilomita ɗaya gabansa, ya san idon matuƙi ba zai wadatar ba. To, mene ne ke raba su? Wannan lacca za ta bi tarihin na'urori biyu da ake yawan rikita ɗaya da ɗaya. Ta farko ita ce wadda jirgi ke shelar inda yake da ita, ana ce mata ADS-B. Ta biyu ita ce ta kauce wa karo, ana ce mata TCAS.

Zamanin ido da murya

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawakai na Kano, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Alƙahira. Wannan tsohon matsayi ne ya sa har yau, a taswirar matuƙa, sararin saman Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa.

A wancan zamani dokar guda ce, watau matuƙi ya duba ya kauce. Da jirage suka yawaita sai aka ƙaro dabara ta biyu. Matuƙi zai faɗa ta rediyo inda yake da lokacin da yake sa ran kai wuri na gaba, mai kula da zirga-zirga a ƙasa ya rubuta a 'yar takarda, ya raba jiragen da tazarar lokaci da ta bisa. Aka kuma yi ƙa'ida cewa mai zuwa gabas da mai zuwa yamma ba sa bin mataki ɗaya na bisa. Daga baya na'urar rada, wadda aka gada daga yaƙi, ta shigo. Akwai mai jefa igiyar rediyo ta jira ta dawo daga jikin jirgi, akwai kuma mai kiran jirgi ya amsa. Wannan ta biyun tana bukatar jirgin ya ɗauki wata na'ura da za a iya kira amsa-kira, wadda in an tambaye ta take faɗin lambar jirgin da bisan da yake. Ya kamata a riƙe sunan wannan na'ura, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

Rada tana da tsada, kuma ba ta hangen bayan dutse ko abin da doron ƙasa ya ɓoye mata. Sabili da haka manyan sassan Afirka suka daɗe ba su da ita, rediyon nesa da ake dogara da shi kuwa sau da yawa ba a jin komai cikinsa sai ƙara. Sai ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, watau IATA, ta tsara wa matuƙa wata dabara a sarari da dama na Afirka, har da na Yamai da na Njamena: kowane matuƙi ya riƙa faɗin sunansa, da bisansa, da inda ya dosa a kan mita 126.9, domin duk wanda ke kusa ya ji. Wannan daidai yake da gyaran muryar da matafiyi ke yi a turba cikin duhun dare. A Nijeriya sai a 2010 aka ƙaddamar da shirin rufe sararin ƙasar da rada a ƙarƙashin hukumar NAMA, da tashoshi tara, cikinsu har da na Kano, Maiduguri, Numan da Talata Mafara.

Mai tambaya: na'urar kauce wa karo

Tarihin wannan na'ura da jini aka rubuta shi. Ran 30 ga Yuni, 1956, jiragen fasinja biyu suka yi karo a saman Grand Canyon ta Amurka, mutum 128 suka mutu. A 1978 wani ya auku a San Diego, aka rasa 144. A 1986 kuma a Cerritos, kusa da Los Angeles, jirgin fasinja ya haɗu da ƙaramin jirgi, aka rasa 82. Shekarar da ta biyo, majalisar dokokin Amurka ta wajabta TCAS a kan manyan jiragen fasinja, aka kammala sa ta a ƙarshen 1993. Hukumar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau ICAO, ta mai da ita wajibi daga 1 ga Janairu, 2003 ga jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 30, daga 2005 kuma ga wanda ya ɗauki fiye da 19.

Yadda take aiki shi ne, jirgin da ke ɗauke da ita yana ta aika tambaya ga jiragen da ke kewaye da shi, amsa-kirarsu tana ba shi amsa. Daga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo yake gane nisan jirgin, daga cikin amsar yake gane bisansa, daga maimaita tambayar kuma yake gane saurin da suke kusantar juna. Abin da take lissafawa shi ne sakan nawa ya rage kafin su haɗu. In ya rage tsakanin sakan 20 da 48, gwargwadon bisan da ake, sai ta yi faɗakarwa cewa ga jirgi nan kusa. In ya rage tsakanin 15 da 35 sai ta ba da umarni da murya, ko dai a hau ko a sauka. In jiragen biyu duk suna da ita, na'urorin sukan daidaita a tsakaninsu kafin matuƙan su ce uffan, ɗaya ta ce wa nata ya hau, ɗayar ta ce wa nata ya sauka. Ba ta cewa a karkata dama ko hagu, domin saninta na ɓangaren da jirgi yake bai kai ƙarfin saninta na nisa da bisa ba. Abin da take nema ga matuƙi shi ne ya motsa cikin sakan biyar, a hankali, ya goce da 'yan ɗaruruwan ƙafa kurum.

Darasin watan Nuwamba na 1996

Cikin mako guda na wannan wata duniya ta ga fuskoki biyu na al'amarin, kuma na farkon a Nijeriya ya auku. Ran 7 ga Nuwamba wani jirgin kamfanin ADC, ƙirar Boeing 727, ya taso daga Fatakwal za shi Legas. Yana cikin saukowa sai hanyarsa ta kusanci ta wani jirgi da ya taso daga Legas. Na'urar kauce wa karo ta yi gargaɗi, matuƙi ya karkata jirgin da ƙarfi don ya goce, jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Duk mutum 144 da ke ciki suka rasu, har da Farfesa Claude Ake, shahararren masanin kimiyyar siyasa. Masu bincike suka ɗora dalili na kusa a kan yadda aka raba jiragen daga ɗakin rada, sa'an nan suka ambaci irin kaucewar da matuƙin ya zaɓa. Jiragen biyu ba su taɓa juna ba, amma rayuka sun salwanta.

Bayan kwana biyar, ran 12 ga Nuwamba, a saman Charkhi Dadri kusa da Delhi ta Indiya, jirgin Saudiyya ƙirar Boeing 747 ya yi karo da wani jirgin Kazakistan da ya sauko ƙasa da bisan da aka ba shi. Mutum 349 suka mutu. Babu ɗaya daga cikin jiragen da ke da TCAS. Na Indiya ya nuna abin da rashin na'urar ke jawowa, na Ejirin kuwa ya nuna cewa gargaɗi ba ya amfani sai da horon yadda za a amsa shi.

Saura tambaya guda da ba a warware sosai ba: in na'ura ta ce hau, mai kula da zirga-zirga ya ce sauka, wa za a bi? Amsar ta zo da tsada ran 1 ga Yuli, 2002, a saman Überlingen da ke kudancin Jamus. Na'ura ta ce wa jirgin Rasha ya hau, ta ce wa jirgin kaya na DHL ya sauka. Mai kula da ke Zurich, wanda bai san abin da na'urorin suka ce ba, ya ce wa na Rasha ya sauka. Matuƙan Rasha suka bi maganar mutum, jiragen biyu suka sauko tare, mutum 71 suka mutu, yawancinsu 'yan makaranta. Daga nan ICAO ta fayyace doka cewa in na'urar ta ba da umarni ita za a bi, ko da ya saɓa wa na hasumiya. Aka kuma gyara na'urar yadda za ta fi saurin juya umarninta in ta ga ɗayan jirgin bai bi nasa ba.

Mai shela: jirgi ya faɗi inda yake

ADS-B ta biyo wata hanya dabam. Ita tsohon gyaran muryar nan ne na mita 126.9, aka ɗauke shi daga bakin matuƙi aka ba inji. Jirgi yana samun matsayinsa daga taurarin ɗan'adam na GPS da makamantansu, sai ya riƙa watsa shi kamar sau biyu a kowane sakan, tare da sunansa, da bisansa, da saurinsa. Ba ya jiran a tambaye shi, kuma duk mai na'urar karɓa zai ji. Rada kuwa sai ta zagayo take ganin jirgi, watau sau ɗaya cikin sakan huɗu zuwa goma sha biyu. Tashar karɓar shelar ba ta da wani babban faranti mai juyawa, 'yar akwati ce da eriya, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na rada ba.

An fara jarraba ta sosai a Alaska daga 1999, inda ƙananan jirage ke haɗa ƙauyukan da ba su da hanyar mota kuma ba su da rada. A 2009 Ostareliya ta rufe saman ƙasarta da irin waɗannan tashoshi. Amurka ta wajabta ta a yawancin sararinta daga 1 ga Janairu, 2020, Turai ma ta bi a cikin shekarar. A 2019 kuma aka fara sauraron shelar daga taurarin Iridium guda 66, har jirgin da ke tsakiyar teku ko Sahara ya zama ana ganinsa. Hukumar ASECNA, wadda ke kula da sararin Nijar da Chadi, tana cikin waɗanda suka rungumi wannan hanya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga alhajin da ya tashi daga Dutse, domin da jirginsa ya bar sararin Nijeriya ta gabas, a hannun maƙwabta yake.

Har ila yau wannan shela ita ce ke ba ɗan alhaji damar bin jirgin mahaifinsa a wayar hannu, ta shafuka irin su Flightradar24, waɗanda ke tara labari daga dubban 'yan sa kai masu na'urar karɓa a gidajensu.

Kwatanci

Bambanci na farko shi ne tushen labari. Mai shela abin da jirgi ya faɗa game da kansa take isarwa. In an toshe siginar GPS, ko an yi masa shigar burtu aka ba shi matsayin ƙarya, kamar yadda ya yawaita a Gabas ta Tsakiya da yankin tekun Baltik tun daga 2022, to jirgin zai yi shiru ko ya shelanta ƙarya da zuciya ɗaya. Kuma shelar ba ta da hatimi, mai mugun nufi yana iya ƙirƙiro jirgin da babu shi. Mai tambaya kuwa da kanta take auna nisa, ba ta bukatar tauraro ko tashar ƙasa. A nan ne maganar Hausawa cewa gani ya kori ji take da wurin zama.

Na biyu shi ne wanda kowacce ke wa aiki, da lokacin da take ba shi. Shela tana ba mai kula da zirga-zirga hoton sararin tun jirage suna nesa da juna da ɗaruruwan kilomita, watau tana ba shi mintoci ya tsara. In jirgi yana da na'urar karɓa, matuƙi ma yana ganin na kusa da shi a allo, amma ba ta ce masa yi kaza. Mai tambaya tana ba matuƙi sakanni ne kawai, bayan duk sauran matakan tsaro sun kasa, sai dai ita tana yanke hukunci. Ɗaya rigakafi ce, ɗaya maganin gaggawa.

Na uku shi ne iyakar kowacce. TCAS takan daina ba da umarnin hawa ko sauka in jirgi ya yi ƙasa da kamar ƙafa 1,000, don kada ta tura shi cikin ƙasa. Wannan yana cikin abubuwan da aka duba bayan haɗarin birnin Washington na 29 ga Janairu, 2025, inda jirgin fasinja da ke dab da sauka ya yi karo da helikwaftan soja wanda ba ya watsa shelar ADS-B, mutum 67 suka mutu. A wannan dare mai tambaya ta kai iyakarta, mai shela kuma tana kulle.

Na huɗu shi ne raunin da suka yi tarayya a kai. A manyan jirage duk biyun ta amsa-kira suke bi. Ran 29 ga Satumba, 2006, a saman dajin Amazon na Barazil, wani ƙaramin jirgi da amsa-kirarsa ke kashe ya gogi jirgin fasinja na kamfanin Gol. Duk jiragen sababbi ne, duk suna da TCAS, amma babu wadda ta yi magana, mutum 154 suka mutu. Akwai wani abin lura a nan. A dā kuskuren awo yakan sa jirage biyu da ke hanya ɗaya su wuce juna da 'yar tazara, yau kuwa GPS yana ɗora kowa a kan tsakiyar layi daidai wa daida. Ga shi kuma tun Satumba 2008 an rage tazarar bisa a sararin Afirka daga ƙafa 2,000 zuwa 1,000 tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000. Ƙwarewar ta ƙaru, amma wurin da kuskure zai ɓuya ya ragu.

Sabili da haka masana ba su yarda ɗaya ta maye gurbin ɗaya ba, haɗa su suke yi. Sababbin na'urorin kauce wa karo sukan saurari shelar jirgin da ke nesa don rage yawan tambaya, amma sukan jarraba gaskiyarta lokaci lokaci, da jirgin ya matso kuma sai su koma ga awon kansu.

Kammalawa

Tsakanin Dutse da Kano kilomita ɗari ne da 'yan kai, tafiyar da jirgi ke yi cikin 'yan mintoci. Jirgin da ya tashi daga Dutse, tun yana hawa ya shiga sararin da jiragen Kano ke hawa da sauka a ciki. Abin da ido ke gani na filin jirgi shi ne ginin fasinja, da kwalta, da katanga, su ne kuma ake yanke wa ƙyalle ranar buɗewa. Abin da ke tsare ran fasinja kuwa ba a ganinsa: rediyon da ke kaiwa ko'ina, wutar da ba ta ɗaukewa a ɗakin rada, injiniyan da ke duba amsa-kirar kowane jirgi, mai kula da zirga-zirga da ya samu horo a Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da matuƙin da aka maimaita wa darasin gargaɗi har ya zama masa jiki.

Ga ma'aikacin gwamnati da ke tsara kasafi, darasin shi ne arhar tashar shela ba ta zama dalilin sakaci da rada ba, kuma kuɗin horo da na gyara ba su ne na farkon yankewa ba in aljihu ya yi ƙunci. Ga ɗalibin kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutse kuwa, ƙofa a buɗe take. Da 'yar na'urar karɓa, da eriya a kan rufi, da kwamfuta, yana iya jin shelar jiragen da ke wucewa ta saman Jigawa, ya ƙirga su, ya zana hanyoyinsu, ya gane da kansa yadda farin zaren nan da manomin Kiyawa ke hange yake gitta 'yan'uwansa ba tare da sun taɓa juna ba.